Kujerar Afirka a Gasar Kofin Duniya: Ba a Fili Aka Samo Ta Ba



Duk wanda rumfarsa ke kusa da gidan kallo, ko yake bi ta can bayan isha'i, ya san irin musun da yaranmu ke tafkawa in an tashi daga wasa. Wannan ya ce alƙalin wasa ne ya sayar da su, wancan ya ce koci ne bai san aikinsa ba, wani kuma ya ce ai dama Turawa ba za su taɓa barin baƙar fata ya ɗaga kofi ba. Mukan tsaya mu saurara, wani lokaci har mu sa baki. Amma akwai tambaya guda da ba mu taɓa jin sun yi ba: ita kanta damar da ƙasashen Afirka ke da ita ta zuwa gasar, wa ya ba su? Yaushe? Me aka yi asara kafin a samu?

Mu da muka tashi a kasuwa mun san kafin kaya su sauka a rumfa an riga an gama rabin ciniki a wani wuri, wajen dillali, wajen mai mota, wajen masu rabon rumfuna. To haka ƙwallo take. Minti 90 ɗin da muke gani a talabijin shi ne na gaban rumfa. Wa zai zo, ƙasashe nawa, a ina za a buga, ƙarfe nawa, duk wannan a ɗakin taro ake yanke shi, kuma masu yankewar ba sa zufa.

Rabon da aka yi babu mu

An kafa hukumar FIFA a Paris a 1904, kuma ƙasashen Turai ne zalla suka kafa ta. Gasar kofin duniya ta farko an yi ta a Uruguay a 1930. A ta biyu, 1934 a Italiya, Masar ta je, Hungary ta ci ta 4 da 2, ta dawo gida bayan wasa ɗaya. Daga nan sai da aka shafe shekara 36 kafin wata ƙasar Afirka ta sake leƙa gasar.

Da farko dalilin a fili yake: kusan duk nahiyar tana hannun 'yan mulkin mallaka. Amma ko bayan an fara samun 'yanci, ƙofar ba ta buɗe ba. A wasannin share fagen gasar 1962, Gana ta fitar da Najeriya, Maroko ta fitar da Gana, ta zama zakaran Afirka. Sai aka ce mata da sauranki, sai kin kara da Sifaniya. Sifaniya ta ci ta gida da waje. Wato ko ka doke kowa a nahiyarka, sai an sake kai ka gaban wani ya tantance ka.

A lokacin Afirka ta riga ta samu hukumarta, CAF, wadda aka kafa a Khartum a 1957 da ƙasashe huɗu: Masar, Sudan, Habasha da Afirka ta Kudu. Tun a gasar farko aka sallami Afirka ta Kudu, don ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙaƙe da farare. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A watan Janairun 1964 FIFA ta raba kujerun gasar 1966 da za a yi a Ingila. Kujeru 16 ne. Turai ta samu 10. Kudancin Amurka 4. Arewaci da tsakiyar Amurka 1. Saura guda ɗaya tak, aka ce Afirka da Asiya da yankin su Ostireliya su yi kokawa a kanta. A ce an gina rumfuna 16 a sabuwar kasuwa, layi ɗaya ya kwashe 10, sannan a ce masu goro da masu albasa da masu shanu duk ku raba guda. Ko wanda bai taɓa zuwa makaranta ba ya san wannan rabon kura ne.

Ranar da Afirka ta ce a'a

Mutum biyu ne suka fi tsayawa a kan maganar. Na farko Ohene Djan, daraktan wasanni na Gana a gwamnatin Kwame Nkrumah, wanda kuma yake cikin kwamitin zartarwa na FIFA. Na biyu Yidnekatchew Tessema na Habasha, tsohon ɗan wasa, wanda daga baya ya shugabanci CAF daga 1972 har rasuwarsa a 1987. Ba abu mai yawa suka nema ba. Kujera ɗaya ce, amma ta Afirka ita kaɗai. Hujjarsu kuwa irin ta 'yan kasuwa ce: ta yaya ƙasa matalauciya za ta kashe kuɗin jirgi ta zagaya nahiya, ta yi nasara, sannan a ce ba ta da tabbacin komai?

Shugaban FIFA a lokacin Baturen Ingila ne, Sir Stanley Rous, tsohon malamin makaranta kuma tsohon alƙalin wasa. Amsar hukumarsa ita ce an riga an yi rabo, ba za a canja ba. CAF ta zauna a Alƙahira a watan Yulin 1964 ta yanke shawarar ƙaurace wa gasar, kuma kafin ƙarshen shekarar ƙasashe 15 da suka yi rajista duk sun janye, har da Najeriya. FIFA ta ci kowaccensu tarar faran 5,000 na kuɗin Siwizalan. Ba wadda ta koma ta bayan gida ta ce ita dai a bar ta ta buga.

Kada a ɗauka abin ya zo da sauƙi. Gana ce ta fi kowa asara, don a lokacin ba a kama ƙafarta a Afirka. Ta ɗauki kofin nahiya a 1963, ta sake ɗauka a 1965, tana da irin su Osei Kofi. Da akwai ƙasar da ke da dalilin cewa “ku yi haƙuri, ni zan gwada sa'ata”, to Gana ce. Amma ita ce ma a gaba wajen janyewa. Waɗannan 'yan wasa sun tsufa ba su taɓa taka filin kofin duniya ba. Gana ba ta je ba sai 2006, bayan shekara 40.

Kujerar nan guda Koriya ta Arewa ce ta ɗauka, bayan ta lallasa Ostireliya a wasa biyu. Ta je Ingila ta doke Italiya 1 da nema, ta kai zagayen 'yan takwas, har ta fara cin Fotugal 3 da nema kafin a juye mata wasan ya tashi 5 da 3. Wa ya ci huɗu daga cikin biyar ɗin nan? Eusebio, haifaffen Mozambik, wadda a lokacin Fotugal ke mulka. Shi ne ma ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, guda 9. Kun ga ikon Allah: gasar da aka hana Afirka kujera, ɗan Afirka ne tauraronta, sanye da rigar masu mulkin ƙasarsa.

A 1968 FIFA ta sauko. Aka ba Afirka kujerarta guda, Asiya da maƙwabtanta guda. Maroko ce ta fara zama a kai a 1970, bayan ta zo ta ɗaya a rukunin ƙarshe da ya haɗa ta da Najeriya da Sudan. Wannan kujera ba ƙwallon da aka ci ne ya kawo ta ba. Wasan da aka ƙi bugawa ne ya kawo ta.

Da ƙuri'a ta yi tsada

A babban taron FIFA kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, Burazil ɗaya, Togo ɗaya. Da ƙasashen Afirka suka yi ta samun 'yanci suna shiga, sai lissafi ya canja. Rous bai lura ba, ko kuma ya lura bai damu ba.

Babban abin da ya ɓata shi da Afirka shi ne batun Afirka ta Kudu. FIFA ta dakatar da ita a 1961 saboda wariyar launin fata. Rous ya je can da kansa a farkon 1963, ya dawo ya ce bai ga laifin hukumar ƙwallon farare ba, aka ɗage dakatarwar. Hukumar nan har shawara ta kawo wai za ta aika farare zalla gasar 1966, baƙaƙe zalla gasar 1970. A taron Tokyo na 1964 ƙasashen Afirka da na Asiya suka haɗa ƙuri'a aka sake dakatar da ita. Rous bai daina neman hanyar dawo da ita ba, su kuma 'yan Afirka ba su manta ba.

Sai ga wani ɗan kasuwa daga Burazil, João Havelange, mai kamfanin motocin safa. Shi ya iya lissafi. Kafin zaɓen 1974 ya zagaya ƙasashe 86, yana tambayar kowa me kuke so. Afirka, mai ƙuri'a sama da 30, ta faɗi nata: a ƙara kujeru, a taimaka wa ƙwallon matasa, a kori Afirka ta Kudu. Ya ce ya ɗauka. A Frankfurt, ranar 11 ga Yunin 1974, ya kayar da Rous da ƙuri'a 68 da 52 a zagaye na biyu.

Gaskiya ɗaya ce, ya cika alkawuran. An kori Afirka ta Kudu daga FIFA a 1976. Gasar matasa ta duniya ta farko a Tunisiya aka yi ta a 1977. Gasar 'yan ƙasa da shekara 16 ta farko, a Sin a 1985, Najeriya ce ta ɗauka bayan ta ci Jamus ta Yamma 2 da nema, kuma da yawanmu muna tuna murnar da aka yi. A 1982 aka faɗaɗa kofin duniya zuwa ƙasashe 24, Afirka ta samu biyu. A 1994 uku, a 1998 biyar.

Amma kuɗin cika alkawarin daga ina? Nan Horst Dassler, mai kamfanin Adidas, ya shigo, ya jawo Coca-Cola da sauran manyan kamfanoni. Daga baya ya kafa kamfanin ISL, wanda ya riƙa sayen haƙƙin talla da na nuna wasanni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. ISL ya durƙushe a 2001, kuma takardun kotun Siwizalan da aka buɗe a 2012 sun nuna Havelange da surukinsa Ricardo Teixeira sun karɓi maƙudan kuɗi daga kamfanin. A 2013 Havelange ya ajiye muƙamin shugaban girmamawa. Mutumin da ya buɗe wa Afirka ƙofa, shi ne kuma ya buɗe wa dillalai taga.

Jadawali ma iko ne

Samun kujera ba shi ne ƙarshen magana ba. Masu shekarunmu za su tuna Aljeriya ce ta hana Najeriya zuwa gasar 1982, ta ci mu 2 da nema a Legas, ta ƙara mana a gidanta. Ta je Sifaniya ta doke Jamus ta Yamma 2 da 1, Rabah Madjer da Lakhdar Belloumi suka ci. Wasanta na ƙarshe a rukuni ta buga shi ranar 24 ga Yuni, ta ci Chile 3 da 2. Jamus da Ostiriya kuwa sai washegari suka buga nasu a garin Gijon, kowa ya san lissafi: in Jamus ta ci da ƙwallo ɗaya ko biyu, su biyun za su wuce, Aljeriya ta koma gida.

Jamus ta ci a minti na 10. Sauran minti 80 ɗin kuwa, gara a ce yawo aka yi da a ce wasa. 'Yan kallo suka yi ta ihu, wasu na ɗaga takardun kuɗi. Aljeriya ta kai ƙara, FIFA ta ce ba a karya doka ba. Amma daga gasar 1986 aka mayar da wasannin ƙarshe na kowane rukuni lokaci guda. Duk sanda kuka ga gidan kallo ya kunna talabijin biyu a dare ɗaya, to albarkacin zaluncin da aka yi wa Aljeriya ne.

Janyewa iri biyu

Wani zai ce to ai mu ma mun taɓa ƙauracewa. Haka ne, amma a duba bambanci. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a watan Nuwamban 1995, Nelson Mandela ya fito ya soki gwamnatin Janar Sani Abacha. Gasar kofin Afirka ta Janairun 1996 kuwa a Afirka ta Kudu za a yi, kuma Najeriya ce ke riƙe da kofin. Gwamnati ta ce ba za a je ba, ta ba da dalilin tsaron 'yan wasa. Ba ƙasa ɗaya da ta biyo mu. An yi gasar da ƙasashe 15, mai masauki ta ɗauka, CAF kuma ta hana mu shiga ta 1998.

Ba muna nan ne don yanke hukunci kan siyasar wancan lokaci ba, kowa da abin da ya gani. Muna lissafin riba da asara ne. Wannan zubin 'yan wasa, su Kanu da Okocha da Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ne suka ɗauko zinare a Atlanta a watan Agustan 1996, bayan sun doke Burazil da Ajantina. Gasar Afirka biyu suka wuce su suna kan ganiyarsu. A 1964 ƙasashe 15 sun janye tare, da buƙata ɗaya da kowa ya sani, suka samo kujerar da har yau ake mora. A 1996 ƙasa ɗaya ta janye ita kaɗai, ba ta samo komai ba.

Da tsintsiya ta kwance

Ƙuri'ar da ta yi aiki a dunƙule, daga baya sai aka gano ana iya tsintarta ɗaya-ɗaya. A zaɓen 1998 a Paris, shugabancin CAF ƙarƙashin Issa Hayatou ya fito fili ya goyi bayan Lennart Johansson na Suwidin. Da aka ƙirga, Sepp Blatter 111, Johansson 80, kuma ba a yi wannan rata ba sai da ƙuri'un Afirka da yawa suka sauya sheƙa. An yi ta maganar ambulan da aka raba a otal, Blatter ya musanta, ba kotun da ta tabbatar. Abin da ya tabbata shi ne bango ya tsage.

A watan Yulin 2000 kwamitin mutum 24 ya zauna zaɓen mai karɓar baƙuncin 2006. Jamus ta samu 12, Afirka ta Kudu 11. Wakilin yankin Oshiniya, Charles Dempsey na New Zealand, wanda aka tura ya zaɓi Afirka ta Kudu, sai ya ƙi jefa ƙuri'a a zagayen ƙarshe. Mutum ɗaya ya naɗe hannu, nahiya guda ta jira ƙarin shekara huɗu. Sai a 2004 aka ba Afirka ta Kudu gasar 2010, da ƙuri'a 14 a kan 10 na Maroko.

Abin ya zo har gida a watan Oktoban 2010. 'Yan jaridar Sunday Times ta Ingila sun yi shigar masu neman ƙuri'a, suka ɗauki hoton bidiyon Dokta Amos Adamu, wakilin Najeriya a kwamitin zartarwa, ana maganar dala 800,000 ta gina filaye. Ya ce bai yi laifi ba, amma FIFA ta dakatar da shi shekara uku, kotun wasanni ta duniya kuma ta tabbatar da hukuncin. Da aka zo zaɓen 2 ga Disamba, wanda ya ba Rasha 2018 da Katar 2022, kujerar Najeriya ba kowa a kai.

Kada kuma a ce cutar ta Afirka ce. Da asubahin 27 ga Mayun 2015 'yan sandan Siwizalan, bisa buƙatar Amurka, sun kama manyan jami'ai bakwai a otal ɗin Baur au Lac da ke Zurik. Babu ɗan Afirka ko ɗaya a cikinsu, duk daga hukumomin yankin Amurka suke. Kwana biyu bayan haka aka sake zaɓen Blatter, kafin mako ya zagayo ya ce zai sauka. Mun san matsayin mai bayarwa da mai karɓa a addininmu, ba sai an tsawaita ba.

Yanzu dukan ƙasashe 211 ne ke zaɓen mai masauki, Afirka na da ƙuri'a 54 a ciki. Duk da haka a 2018, da Maroko ta nemi gasar 2026, ta samu 65 ne a kan 134 na Amurka da Kanada da Meziko, kuma wasu ƙasashen Afirka can suka jefa tasu.

Abin da ya rage mana

A gasar 2026 mai ƙasashe 48, kujeru tara aka ware wa Afirka kai tsaye. Daga babu zuwa tara. Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Katar a 2022, muka yi ta murna kamar 'yan gidanmu ne. Gwanintar 'yan wasa ta taimaka, ba musu, su Roger Milla na 1990 sun rufe bakin masu raini. Amma sai da aka samu ƙofa kafin gwani ya nuna gwanintarsa, ƙofar kuwa su Djan da Tessema ne suka ɓalle ta.

Ba mu kawo wannan tarihi don ƙwallo kaɗai ba. Mu ma nan ba mu ne masu rinjaye a gari ba, amma muna da yawan da ake lissafi da shi. Shi ya sa duk kakar zaɓe motoci ke cika ƙofar fadar Sarkin Hausawa. Tambayar ita ce me muke cewa in an ce me kuke so. In mun zauna tun da wuri mun tsayar da abu biyu ko uku, magudanar ruwan da ke cinye mana layi duk damina, takardun rumfunanmu, ajin da yaranmu ke zama a ƙasa, muka tsaya a kansu da murya ɗaya, wannan ita ce hanyar 1964. In kuwa kowa ya zagaya da dare ya karɓi mudun shinkafa da turmin atamfa, to mun ga inda wannan hanya ta kai masu manyan kujeru a Zurik, balle mu.

Ku kuma matasanmu, a ci gaba da musun ƙwallo, ba laifi, in dai bai hana sallah da neman na kai ba. Sai dai in an fara gasa ta gaba kuka ga tutocin Afirka a jere, ku tuna akwai wasu samarin Gana da suka fi kowa iya taka leda a zamaninsu, suka haƙura da tafiya Ingila don na baya su samu wuri.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya ba mu shugabanni masu amana, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.